Hoton Gonar Gyaɗa da Ya Kai Ni Gidan Yari

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Karaye kafin in lalace. Ina da rumfata, ina da mata da 'ya ɗaya, ba wanda ya taɓa kai ƙarata ko wurin mai unguwa. Raina mutane ne ya ci ni. Duk wanda bai iya kwamfuta ba, a wurina baƙauye ne.

A Rogo akwai wani tsohon malamin firamare, Malam Sabi'u, da ya buɗe shafin intanet na labaran yankinmu. Kowa na iya rajista ya ɗora hoton biki ko sanarwar rasuwa, Malam ya duba ya saki. Na lura shafin yana karɓar kowane irin hoto ba tacewa, har da irin wanda ake iya ɓoye wa umarnin kwamfuta a ciki. Sai na ɗora hoton gonar gyaɗa da na cusa wa nawa umarnin. Malam na buɗe shi, umarnin ya yi aiki da sunansa, na samu ikon shiga shafin kamar ni ne shi.

Da farko wasa ne. Na sauya kanun labari ɗaya, na nuna wa 'yan zaman banzan da ke cika mini rumfa, suka yi ta kirana gwani, ni kuma ina kumbura. Daga bakinsu wani dillalin hatsi ya ji. Ya zo ya ce in rubuta cewa Alhaji Isa na garin Turawa, abokin gasarsa, yana zuba wa masararsa maganin ƙwari mai kashe mutum. Na rubuta da sunan Malam. Da yake an yarda da maganar Malam, ranar kasuwa ba wanda ya tsaya gaban buhunan Alhaji. Alhaji ya kai ƙara, 'yan sanda suka tafi da tsohon.

Matata ta ji ina ba da labarin ina dariya, ta ce, "Baban Hafsa, me dattijon nan ya yi maka?" Na ce ta yi shiru, ba ta san komai ba.

'Yar Malam ce ta kawo masani ya binciki shafin, ya gano hoton da wanda ya ɗora shi. Ni gwanin naku da lambar wayata na yi rajista, sai aka saki Malam aka kama ni. Dillalin ya rantse bai taɓa ganina ba, masu yi mini kirari kuma ko hanyar kotu ba su bi ba. A gaban alƙali Malam bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, hoton gona ka aiko, har godiya na rubuta maka a ƙarƙashinsa."

Alƙali ya ɗaure ni. Da na fito na je Rogo neman gafara. Malam ya yafe, amma ya riga ya rufe shafin, don mutane sun daina gaskata shi. Alhaji Isa kuwa, da na je gidansa, ya aiko a ce mini in bar masa ƙofar gida. Na tuba ga Allah, na koma gyaran waya.

Ku masu shafuka, kada ku karɓi kowane hoto ba tacewa, ku nemi masani ya toshe wannan kafa. Ku kuma matasa masu ganin kun fi kowa wayo, na ga irinku a kurkuku, an jera mu layin gabza tare da ɓarayin awaki, kuma ba wanda ya bambanta mu da su.