Lasifika ta Huɗu

Saja Ya'u mutumin Gumel ne, amma Agege ta san shi fiye da garinsu. Shekara ashirin da biyu ya yi a sashen kwana-kwana na wani barikin soja da ke maƙwabtaka da unguwar Hausawa. A duk tsawon zamanin nan, idan gobara ta tashi, guntun ƙarfen titin jirgi yake bugawa da guduma.

Da mulki ya koma hannun farar hula, aka sayo wa sashen sabuwar jiniya da tarho da rediyon kiran motoci. Aka kafa dogon ƙarfe mai lasifika huɗu, ta huɗun tana fuskantar masallacin unguwa da rumfunan harawa. Aka damƙa amanarta a hannun Ya'u, da umarnin a riƙa gwada ta kowace Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi, wato daidai lokacin huɗuba.

Wata rana Liman Audu ya tare shi yana murmushi, ya ce, "Saja, ni da jakar nan taku mai kuka, wa zai yi wa jama'a huɗuba?"

Ya'u ya ji kunya ƙwarai. Abin da ya kamata shi ne ya roƙi kwamanda a sauya lokaci, amma kwarjinin ofis ya hana shi. Sai ya riƙa zare wayar lasifika ta huɗu kafin Juma'a, ya mayar bayan an idar, yana ganin hidima yake yi wa addini.

Wata Juma'a, ana sauran kwana uku Babbar Sallah ta 2001, daga masallaci ya wuce jana'izar wani abokinsa, ya manta bai mayar da wayar ba. Washegari da azahar wuta ta kama ɗakin ajiyar mai da ke jikin katanga. Jiniya ta yi kuka ta fuska uku, unguwa kuwa ba ta farga ba sai da harawa ta kama. Haoua, wata 'yar Maraɗi mai sayar da fura, ta ƙone a hannun dama. Kafin magariba Ya'u ya hau ya mayar da wayar, ba wanda ya gan shi sai Mahaliccinsa.

Masu bincike suka ce lasifikar ba ta da aminci, aka yanke shawarar cire ta. Ya'u ya yawaita istigfari, amma karatunsa ya isa ya sanar da shi cewa haƙƙin bawa yana hannun bawa. Ya je ya sami Haoua a ƙarƙashin sabuwar rumfarta, tana dama fura da hagu, ya faɗa mata komai.

Ta ɗago kai ta ce, "Baba Saja, kai da kake sahun gaba?"

"Ni ne, 'yata."

"Hannu dai na yafe. To idan suka cire abar nan, gobara ta gaba wa zai tashe mu? Ba ni kaɗai za ka faɗa wa ba."

Ranar Litinin ya goge takalmansa, ya shiga ofishin kwamanda. Aka rage masa igiya biyu, aka mayar da shi gadin ƙofa. Lasifikar ta zauna inda take, gwaji ya koma Alhamis.

Har ya bar aiki, idan jiniya ta yi kuka, yakan daina jan carbi ya karkata kunne wajen unguwa, sai ya tabbata ta huɗun tana ciki.