Juyi a Iska da Sallamar La'asar

Tun ina yaro nake da waswasi. Ni ne mai komawa ya taɓa kwaɗon da ya riga ya kulle, ni ne mai sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Yayana ya san haka, shi ya sa ma ya tura ni Guangzhou ta ƙasar Sin. Ya ce wanda ba ya yarda da duba ɗaya shi ya dace ya tsaya a kan kaya kafin a rufe kwantena. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka duk inda zan je sai da tafinta, wani ɗalibi Badamagare. Kanawa da Damagarawa kuwa abokan wasa ne, bai taɓa kirana da komai ba sai "bawana".

Wata shekara yayana ya yi odar takalman taya na yara daga wata masana'anta a bayan gari. Kullum muka je sai matar da ke da wurin ta ce "meyo", wato babu, a dawo jibi. A cikin wannan jiran ne muka zaga baya muka ga abin.

Ashe suna ƙera wasu gajerun alluna, kowane kamar rabin taɓarya, ana ɗaura ɗaya a kowace ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara. Ƙasashen sanyi ake kai su. Don gwaji sun gina gangara da katako, suka shimfiɗa mata tabarmar roba mai tsinke kamar burushi, suna yayyafa mata ruwa. A ƙarshenta akwai ɗan tudu mai cilla mutum sama, bayansa rami cike da soso. Mai gwajin wani ramammen dattijo ne. Ya gangaro, ya tashi sama, ya juya zagaye guda cur a iska, ya faɗa cikin soso yana fuskantar inda ya nufa tun farko.

Tafinta ya ce, "Bawana, hau mana."

Na ce, "Allah ya kiyaye."

"Na manta. Bakano ba ya hawa abin da babu riba."

Na hau, bayan na sa dattijon ya duba maɗaurin sau uku. Kwana na farko zamewa kawai na koya. Zuwa na huɗu ina tsallake tudun ina faɗawa soso a miƙe. Juyin ne ya gagara. Sai in kai rabi in tsaya cak a iska, in faɗo ta baya ko ta haƙarƙari. Dattijon ya yi ta magana yana nuna wuyansa, tafinta yana fassarawa: kai ne ke gaba, jiki binsa yake yi, ni kuma na ƙura wa ƙafafuna ido. Gaskiya ne. Ina duba ko maɗaurin yana nan.

Rannan tafinta ya gaji ya ce, "Kai da ba ka rasa jam'i, sallama ce ba ka iya ba? In ka bar tudun, juya kanka dama kamar ka idar da salla, ka nemi na bayanka da ido."

Na yi hakan. Kaina ya tafi, kafaɗa ta bi, sai na ga katanga, na ga bututun hayaƙi, na ga gangarar da na baro, na sake ganin katanga, na faɗa soso a kan ƙafafuna. Dattijon ya yi tafi. A ɗan wannan lokacin da nake sama ban tuna kwaɗo ba, ban tuna kwantena ba, ban tuna komai ba. Ban taɓa sanin kai yana iya yin shiru haka ba. Na sake sau shida kafin mu tafi.

Mun iske La'asar a kasuwar Tianxiu, a shagon wani Alhaji ɗan Kano da muke ture katan-katan mu yi sahu a bayansa. Na yi salla lafiya har zaman tahiya. Da na juya kaina dama don sallama, sai kafaɗata ta fizga, gwiwoyina suka ɗaure, na ji iskar nan a kunnena. Bakina ya faɗi sallamar, amma ni ina bayan masana'anta.

Na koma gefe na sake sallar. Tun a raka'a ta uku na fara tsoron sallamar da ke tafe, da ta zo kuwa aka maimaita. Na sake. Ranar sau huɗu na yi La'asar, ban samu ko ɗaya da zuciyata ta yarda da ita ba.

Duk da haka bayan kwana biyu na koma na hau, kuma wannan ne ke ba ni kunya. A juyi na biyu na ji bakina ya ce "assalamu alaikum" a iska, da ƙarfi. Tafinta ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Wa alaikumus salam, bawana! Wa ka gani a can sama?"

Ni ban yi dariya ba. Na kwanta cikin soso ina tunanin na ɗauki ƙarshen salla na kai shi wurin wasa. Mako guda ban ci abincin kirki ba. Salloli biyar suka koma goma sha wani abu, har na fara makara wurin duba kaya.

Alhaji ne ya tare ni bayan Azahar. "Malam, kwana nawa ina ganinka kana maimaita salla. Limancina ne bai yi maka ba?"

Na rantse ba haka ba ne, na faɗa masa komai. Ya sa na sake kwatanta allunan, ya tambayi zurfin ramin, ina jin yana danne dariya.

Ya ce, "Da ka hau, niyyarka izgili ne?"

"Wallahi a'a, Alhaji."

"To sallarka ta yi. Waswasi ne, kuma maimaitawar ce abincinsa. Kar ka ƙara sakewa."

"Wasan fa? Haramun ne?"

"Ni ban ce ba."

"To halal ne in ci gaba?"

"Malam, so kake in ɗauke maka kayanka in ɗora a kaina. Je ka yi sallarka sau ɗaya."

Na so ya ce haramun ne. Da na huta.

Na yi dabarar juyawa hagu, ko jikina zai raba abubuwan biyu. Dattijon ya gyara mini tsayuwa, na gwada yini guda, ko rabi ban kai ba, kuma da na bar tudun wuyana dama yake nema. Ranar da kayanmu suka fito na kwance allunan na miƙa wa dattijon, na ce wa tafinta ya gaya masa na gode, ba zan dawo ba. Ya tambayi dalili. Tafinta ya dube ni, karo na farko bai yi tsokana ba, ya ce masa gwiwata ce ke ciwo.

Na ɗauka barin wasan zai mayar mini da sallata yadda take. Bai mayar duka ba. Fizgar ta ragu a hankali, sai in yi wata biyu ban ji ta ba, sannan wata rana ta zo, yawanci a La'asar. Idan ta zo nakan zauna a kan darduma, hannuna a kan kafaɗar, ina jin ƙafafuna suna so su miƙe in sake kabbara. Nakan ƙirga tasbihi har su haƙura. Mafi yawan lokuta suna haƙura.