Ranar da na bi da baƙi ta kara

Malam Iliya, ni dai jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun da na farka raina a ɓace yake, ko kokon safe ban iya sha ba. Ajiye almakashin nan ka saurare ni. Kullum cikin cika baki kake wai ka iya fassara, to yau ga fili ga mai doki.

Ka san ni ne direban kulob ɗin garin nan shekarar da muka shiga gasar kulob-kulob ta Afirka. Mu huɗu ne a rukuni, biyu za su wuce, wasan ƙarshe a gidanmu, in ba mu ci ba mun fita. Ranar wasa Alhaji Mudi, sakataren kulob, ya ja ni gefe ya ce in ɗauko baƙin 'yan wasan da za mu kara da su daga otal, amma in bi da su ta kara, ranar kuwa kasuwar shanu ke ci, in kashe iyakwandishan, su iso fili a galabaice. Wai haka suka yi mana a garinsu. Na yi yadda ya ce. Tafiyar minti ashirin ta koma kusan awa uku. Muka ci su ɗaya da nema, suka kai ƙara, aka ƙwace makin, muka fita daga rukuni. Da kwamiti ya zauna, mutumin nan ya kalli tsabar idona ya ce shi bai aike ni ba, direba ne ya sha ƙwaya ya ɓata hanya. Ni da ko goro ba na ci. Aka kore ni, kai ma ka taya ni kwashe duwatsun da magoya baya suka jefa mini gida.

To jiya bayan la'asar babban ɗan Alhaji Mudi ya same ni. Wai Alhaji na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, yana neman in je in yafe masa. Na ce ya tara mutane ya faɗi gaskiya tukuna. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce ai bakin ya riga ya karkace, magana ba ta fita. Ka ji fa. Sai da bakin ya mutu ya tuna da ni. Yau bayan azahar ɗan zai dawo jin amsa, da wannan na kwanta.

A mafarkin, ga ni a ƙofar otal ɗin nan da rana tsaka, cikin bas ɗinmu, amma sitiyarin faifai ne. Ban yi mamaki ba, na riƙe shi na tayar da mota. Baƙi suka shigo ɗaya bayan ɗaya cikin rigunan wasa, ba takalmi a ƙafarsu. Alhaji Mudi na kujerar gaba da babbar riga, lafiyarsa ƙalau, yana ɓare gyaɗa yana zubar mini da ɓawon a mota. Ya nuna hagu da haɓa.

Na ce, "Alhaji, faɗi da bakinka kowa ya ji. Hagu ka ce ko?"

Gyaɗarsa kawai ya ci gaba da ci.

Sai kawai ga mu a tsakiyar kara. Shanu gaba, shanu baya, kowane sa da lamba a gadon bayansa irin ta 'yan wasa. Na danna ham, sai kukan usur ya fito. Zafi ya yi zafi, gilasai duk a rufe, ina jin gumi na bin bayana har cikin wando. A jikin wata tirela an rubuta jerin rukuninmu da gawayi, ƙungiyoyi uku a sama, inda ya kamata a ga sunan kulob ɗinmu a ƙasa kuwa sunana ne, da sunan mahaifina. Me ya haɗa tsohon da ke kabari da ƙwallo? Nan zuciyata ta fara tafasa.

Sai kawai 'yan kwamiti suna zaune a kujerar baya da teburinsu da robobin ruwa. Ɗaya ya ce in buɗe baki a duba. Na buɗe, ya leƙa, ya rubuta wani abu. Ta taga ina ganin mutanen unguwarmu a jere bakin hanya, har da liman, suna kiran sunan nan da aka liƙa mini tun wancan lokaci, ɗan ƙwaya. Ba da ƙarfi ba, a hankali, kamar masu gaisuwa. Matata Hajara na cikinsu, ta rufe fuska da mayafi.

Wallahi ban san sa'ad da na saki faifan na cakumi wuyan rigar Alhaji ba. Na ce, "Gaya musu. Ka ci amanata, ka ci mutuncina, ka gaya musu wanda ya aike ni." Na girgiza shi, sai na ji shi sakayau kamar buhun da ba komai a ciki. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Na kara kunnena, ba komai. Na taka burki in sauke shi, burkin ya shige ƙasa, mota na ta tafiya da kanta, muna zagaya karar nan ba iyaka. Can nesa ina jin ihun filin wasa, amma kowace kwana muka sha sai mu sake faɗowa cikin shanu.

Sai kawai na ɗaga kai na dubi madubi. Golan baƙin ne tsaye a bayana, wani dogo mai furfura a gemu. Malam Iliya, na rantse na manta da mutumin nan sarai sai jiya. A ainihin ranar ya taso har gaba yana dafe da ciki, yana nuna mini ƙofa da hannu, ni kuma na yi kamar ban gane ba. A leda ya yi amai. Shi aka zura wa ƙwallon nan, daga baya ma na ji an ce kulob ɗinsu ya sallame shi. A mafarkin kuwa da Hausa ya yi magana, tatacciya, ba faɗa ba zagi.

Ya ce, "Direba, sauke mu haka nan. Shekara nawa ke nan muna cikin motarka?"

Na miƙa hannu in buɗe ƙofa, ba mabuɗi, ba ma ƙofar. Na juya in ce masa ba laifina ba ne, aiko ni aka yi, sai na ga kujerar Alhaji wayam, ni kaɗai ne a gaba. Na buɗe baki, ni ma maganar ta ƙi fita. A nan na farka, ladan na kiran assalatu, hannuna na damƙe da zanin gado.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni aka zalunta, ni aka ɓata wa suna, amma ko a mafarkina ba a bar ni na ci nasara ba. Ni har yanzu ban huce ba, kada ka ce na huce. Alhaji ya san ƙofar gidana, ya aiko ɗansa. Ni ko sunan golan nan ban sani ba, balle garinsu. To fassara mini, malam: mafarkin nan cewa yake in je in yafe wa wanda ba zai taɓa iya wanke ni ba, ko cewa yake ni ma akwai wanda ke jirana? In ɗan ya zo bayan azahar, me zan ce masa?