Eriyar da Ta Karye a Hanyar Maiyama

Shekarun baya, can baya sosai, tun Turawa ba su tattara komatsansu ba, ni direba ne a Jega. Jikata ce ke rubuta muku wannan a wayarta, ni nawa faɗa ne kawai, don haka in kun ga kuskure kun san wadda za ku kama.

Motar likitan dabbobi nake ja, wata jif mai rufin tampol. Aikinmu bin rugage ana yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Lokacin ina ji da ƙuruciya, hula a karkace, in na shigo kasuwa sai na danna oda ko da akuya ɗaya babu a kan hanya.

Ana nan aka aiko mana da rediyon oba-oba, irin ta kira da amsawa, guda biyu daga Sakkwato, ɗaya ta ofis, ɗaya ta mota, don in mun shiga daji a san inda muke. Wanda zai zo ya ɗaura su bai samu zuwa ba, damina ta kama hanya. Likitan namu, wanda Bature ne, ya haɗa ta ofis da kansa, amma ya ce ba zai huda motar gwamnati da ka ba, ko akwai wanda ya taɓa irin aikin? Na ce akwai abokina.

Abokin nan nawa ya girme ni nesa ba kusa ba. Maƙwabcinmu ne. Ya je yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a can shi ke goya rediyo a bayansa. Da ya dawo sai ya zauna gyaran kekuna a bakin kasuwa. Kowa Kofur yake ce masa. Kunnensa na hagu ba ya ji, ba ya doguwar magana, in hadari ya fara tsawa sai ya ajiye sifana ya shige ɗaki. Mutane suna cewa yaƙi ya taɓa shi. Ni dai ina zama wurinsa da yamma, ni in yi ta surutu shi yana liƙe tayoyi, kuma a haka muka zama abokai.

Da na kai masa maganar, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Na bar wanga aiki," ya ce.

Na yi magiya har na gaji. Mahaifiyata ce ta ji ina mita a gida, ta yafa mayafi ta fita zaure ta sa aka kira shi. Ina jin su. Ta ce, "Kofur, yaron ga kullum shina daji da mota. In ta lalace mai, ko wani abu ya same shi, sai dai in ji ga bakin 'yan kasuwa. In abin ga na sa a ji labarinai, ka taimake ni."

Ya ce, "To, Inna."

Washegari da safe sai ga shi a ofis da jakar kayan aikinsa. Ban taɓa ganin hannunsa yana aiki kamar ranar ba. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta. Ya zaɓi bayan kujerata ya ce nan akwatin zai zauna, inda ruwa ba ya zuba kuma iska na shiga, don in ta yi aiki zafi take yi. Ya shimfiɗa mata tsohuwar roba a ƙasa saboda gargada. Ya jawo waya mai kauri daga batir, ya bi da ita ta gefen ƙarfe, nesa da inji, duk inda za ta goga sai ya naɗe ta da tsumma. Da muka tada mota rediyon ta kama tartsatsi kamar ana soya gyaɗa, ya ce fulogi ne ke shiga mata, ya yi ta sauya wa wayar hanya har ƙarar ta kwanta. Wurin da zai ɗaure gindin eriya kuwa sai da ya kankare fenti tas har ƙarfe ya fito fari.

"Kofur, fentin gwamnati fa kake kankarewa," na ce.

"In ba ta taɓa ƙarhe ba, magana ba ta hita. Jikin motar duka rabin eriya na."

A kan eriyar muka yi rigima. Guda biyu suka zo a cikin akwatin: wata gajera da ba ta wuce sandar makiyayi ba, da wata doguwa siririya mai sifirin a gindi, wadda in an kafa ta ta ninka motar tsayi. Akwai kuma naɗin wayar jan ƙarfe. Ni gajerar nake so. Na ce hanyoyinmu duk itatuwa ne, doguwar za ta yi ta sarƙewa. Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Wanda ban faɗa ba shi ne ina tsoron 'yan matan kasuwa su ce na zama masunci, ina yawo da fatsa a bayan mota.

"Gajera ta gari ta," ya ce. "Doguwa za a sa."

"Kai ba kai ka jan motar ba."

"Doguwa za a sa, Direba, ko in ɗauki jakata."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Baturen da aka tambaye shi ya ce wanda ke aikin shi zai zaɓa. Aka kafa doguwa a bamba ta baya, ya sa mata igiya yadda za a tanƙwaro kanta a ɗaure in za a shiga ƙarƙashin itatuwa. Kuma 'yan matan sun faɗa, har da tambayata nawa nake sayar da tarwaɗa.

Abu ɗaya na lura da shi. Ya koya mini komai: yadda zan jira ta ɗau zafi, yadda zan danna in yi magana, in ce oba, in saki in saurara. Amma shi bai taɓa kai abin maganar bakinsa ba. Ko gwaji za a yi sai ya miƙo mini. Na ɗauka saboda kunnensa ne.

Aka ce mu fita gwaji mu biyu, akawun ofis yana zaune gaban ta Jega. Ranar farko muka yi wajen Aliero har Danwarai, duk inda muka tsaya na kira, muryar akawu ta fito garau. A Danwarai manoma suka bar gonakinsu suka zagaye mu. Wani dattijo ya leƙa bayan kujera, ya leƙa ƙarƙashin mota, sannan ya ce in tambayi mutumin nawa ake sayar da buhun gero yau a Jega. Akawu ya faɗa. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce lallai wannan abu yana da amfani.

Rana ta biyu muka nufi Maiyama, muka saki babbar hanya muka bi wata burtali da za ta kai mu rugagen da muke zuwa. Muna wucewa ƙarƙashin wani gawo igiyar ta suɓuce, eriya ta miƙe ta daki reshe, sai ji muka yi ƙas. Ta karye, ɗan guntu ya rage.

"Ai na faɗa maka!" na ce. Har da dariya. Shi kuwa ya ɗauki karyayyar ya daɗe yana kallo.

Daɗin gaskiyata bai daɗe ba. Muna juyowa za mu koma, mota ta nutse a wata fadama har gindi. Muka sa jak muka ɗaga, muka saro rassa. Ina zaune a taɓo ina tura reshe ƙarƙashin taya da ƙafata, jak ɗin ya zame. Motar ta sauko a kan ƙaurina.

Ban san na iya ihu haka ba. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka sheƙo, wani tsoho da 'ya'yansa samari. Suka haɗu da abokina suka ɗaga motar aka jawo ni. Ƙafar ta lanƙwashe inda ba gwiwa, jini na zuba. Abokina ya yage rigarsa ya ɗaure, tsohon ya sa aka kawo kara aka tallafe ta. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa. Tsohon ya dubi sama ya ce in ruwan nan ya sauko, rafin da muka ƙetaro zai cika, babu mai shiga babu mai fita sai ya janye. A jaki kuwa, ya ce, wannan ƙafa ba za ta kai Jega ba.

A ofis akwai babbar mota. Sai dai a kira.

Abokina ya ciro naɗin wayar nan, ya auna ta da gaba, ya yanke. Ɗaya daga cikin samarin ya hau wata tsamiya da bakin wayar a haƙoransa ya ɗaure can sama. Abokina ya haɗa ɗaya bakin da guntun eriyar, ya kunna rediyo. Ya jawo abin maganar zai miƙo mini, igiyarsa ba ta kai inda nake kwance ba, ni kuma ko ɗaga kai na kasa, haƙorana sai haɗuwa suke.

Ya tsaya da abin a hannu. Aka yi tsawa can nesa, na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ajiye. Sai ya kai shi baki.

"Jega, Jega, motar allura ta. Kuna ji? Oba."

Shuuu kawai. Ya sake. Shuuu. Ya murɗa, ya sake. Zufa ta jiƙa masa fuska. Can sai na ji ya daina cewa Jega, yana kiran wasu lambobi da Turanci, da wata murya da ban san shi da ita ba, da sauri da sauri.

"Kofur," na ce, "sun amsa?"

Ya juyo ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya ce, "Ba su amsa ba tukuna."

Tsohon Bafulatanin ya matso ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Mu ma in saniya ta ɓace ba kira ɗaya muke yi ba. Sake."

Abokina ya share fuska, ya sa saurayin ya ƙara hawa sama da wayar, ya ja numfashi, ya kira Jega a hankali. Sai ga muryar akawu, siririya kamar daga cikin rijiya: "Muna ji, muna ji. Wane ne wannan? Ina direba?"

Abokina ya faɗi inda muke tiryan-tiryan, da gawon, da rafin, da abin da ya same ni. Da ya gama ya ajiye abin a kan kujera, ya zagaya bayan mota ya zauna a taɓo. Samarin suka kau da kai. Babbar motar ta iso ana fara yayyafi, muka ƙetare rafin ruwa na wanke tayoyi.

Baturen ya so a kai ni asibiti. Mahaifiyata ta ce a wanke ciwon a ɗinke, amma ɗorin ƙashi na mutanen Aliero ne. Haka aka yi. Na yi makonni a gidan wani maɗori, kuma abokina ya rufe wurin gyaransa ya zo ya zauna da ni. Wata rana da la'asar muna ƙarƙashin rumfa, ina ta surutuna, sai ya katse ni.

"Can Bama," ya ce, "an rutsa da mu cikin wani kwari. Harsashi ya tsinke man eriya, guntu yar rage. Na wuni ina kira, ba a ji ba. Akwai wani yaro ɗan wajen Argungu, an harbe shi ga ciki. Ya riƙe man ƙahwa shina ta tambaya, sun amsa? Nic ce mai sun amsa, suna tahe. Har yac cika shina duban hanya."

Ya juyo ya dube ni ya ci gaba.

"Da kat tambaye ni, shi nig gani. Nic ce wanga karo ko mi za a yi, ba ni ƙarya."

Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban tada ba. Amma da na warke aka sayo sabuwar eriya, doguwa, shi ya kafa ta, kuma Baturen ya ɗauke shi aiki yana kula da rediyon. Har ya zama in muna daji shi ke zaune gaban ta ofis. Tsawa dai bai daina tsoronta ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan mahaifiyata.

Na yi shekaru ina zama kusa da mutumin nan ina cika masa kunnensa mai ji da labaran banza, ban taɓa sanin abin da yake ɗauke da shi ba. Ba na jin laifi ne, ƙuruciya ce. Amma tun daga nan in na ga mutum ya kafe a kan abin da ni nake gani ƙarami, nakan yi shiru tukuna, don ban san inda ya samo shi ba.

Yanzu ina ɗingishi, in sanyin damina ya shigo ƙafar takan tuna mini. Waya kuma ta zama ruwan dare, yaran nan sai ta yi ta ƙara a gabansu su dube ta su ajiye. Ni ba na iyawa. Ko ban san lambar ba sai na ɗauka. Jikokina suna yi mini dariya, wai duk 'yan damfarar ƙasar nan sun san ni, har gaisawa muke. Su yi ta yi. Na taɓa kwanciya a taɓo ina kallon fuskar mutumin da ke kira ba a amsa ba.