Lambar Mitar Malam

Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba. Maƙwabcina kuwa tsohon malamin lissafi ne, shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa wani aiki. Akwai lamba mai gida goma a jikin mitar wutar gidansa. Ya ce mini lambobi iri biyu ne: masu rabuwa daidai, da masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Ya rantse tasa mai taurin kai ce, kuma da hannunsa zai tabbatar.

Kullum yakan gwada raba ta da lambobi uku ko huɗu daban-daban a littafi. Littafi ya cika, a sayo wani. Ni na buga masa kanta har shida.

Ɗaki biyu ne gidan. Littattafai suka cinye falo, suka bi uwargidansa har ɗakinta, ta koma kwana a tabarma bakin kicin, ga ta da ciwon baya. Ba ya bari a share, kada a hargitsa masa jeri. In ka shiga, warin fitsarin ɓera ne ke fara yi maka maraba. Kyankyasai sun yi ƙwai a bangon littattafan. Na taɓa ɗaga wani kwano, na tarar abincin ciki ya yi gashi.

"Malam, baiwar Allahn nan fa tana jin jiki," na ce.

"Kafinta, saura kaɗan. Ranar da na gama, ɗakinta nata ne."

Shekara tara ana saura kaɗan.

Wata Asabar 'yarsu mai aikin asibiti ta zo, ta ga uwarta tana miƙewa da rarrafe. Ta kwafi lambar a wayarta, ta danna.

"Baba, ai sha bakwai tana raba ta."

"Ke, wayarki ta sha wani abu?"

"Buɗe littafinka na farko mu gani."

Ya zaro shi daga can ƙasa, ya karkaɗe kashin ɓera. A shafi na biyu kuskuren yake: wajen ragewa ya ari ɗaya, ya manta ya ara. Kuskuren da shi kansa ya sha zane yara a kai.

Na ɗauka kunya za ta kama shi. Sai ya gyara tabarau ya ce, "To, ai sai an bi sauran ma an duba. Kafinta, ƙaro mini kanta ɗaya."

Uwargida ta dube ni. Ni ba mai yawan magana ba ne. Na shiga gida na ɗauko guduma, na fara cire ƙusoshin kantar da ke ɗakinta. 'Yar ta toshe hanci da mayafi tana kwasar littattafan zuwa waje, Malam na bin ta yana ihun a kula da jeri. Kafin la'asar mun mayar da gadon uwargida.