Wushiryar Inna

Malamar asibitin da ke jiran a ɗauke ta hoton fasfo ta kasa ɗauke ido daga kan mai hoton. Dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, yana riƙe da linzamin kwamfuta kamar zai cije shi. Ta ce a ranta, wannan a ɗakin wankin hoto ya ƙare ƙuruciyarsa. Yau ya fara taɓa sabuwar manhajar gyaran hotuna.

Wani ƙaton direba na tsaye a kansa. Hoton marigayiya mahaifiyarsa ya kawo a goge masa tabon ruwa, kuma duk duniya babu kwafinsa sai a katin memorin da ya zo da shi. Dattijon ya danna wani maɓalli. Tabo ya ɓace, fuska ta yi sumul, haƙora suka jeru reras.

"Baba, wannan ai ba Innata ba ce," in ji direban. "Ina wushiryarta?"

Gumi ya karyo wa dattijon. Yana motsa leɓe, yana bin alamomin allon ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan wata 'yar kibiya mai lanƙwasowa baya. Ya yi bisimilla ya taɓa.

Tabo ya dawo, wushirya ma ta dawo. Sai a lokacin malamar ta saki numfashi.

"Ashe manhajar tana jin magana," in ji dattijon, yana share goshi. "Bari in cire tabon kaɗai."

Direban ya riƙe masa hannu. "Bar ta haka, Baba. Tabon ma na saba da shi."