Na Durƙusa a Kan Dutse

Na shiga tseren hawan dutse don buhun takin zamani. Ban samu ba.

Mun tashi da asuba daga Saulawa a bayan a-kori-kura, don mai ya yi wuya, ƙananan motoci sun daina shigowa. Sau biyu sojoji suka sauke mu a shinge, suka lalube kayanmu, suka ce mu hau. A tashar Ikara na sayi ƙosai. Kuɗinsa na nan yadda yake, ƙosan ne ya rame kamar mu.

Wani hafsan soja ne ya shirya tseren a wani dutse gabas da gari, wai samari sun yi laushi. Mutum uku na farko, kowa buhu guda. Tun da masaƙa ta sallame mu a Kaduna nake noma. Masarata ta soma yin ruwan ɗorawa, layin taki kuwa sau huɗu ina bi, shatin bulala kawai na kawo gida. Na haura arba'in, amma na shiga cikin samarin na tsaya.

Ƙa'idar ita ce ka kai ƙololuwa, ka karɓi jan ƙyalle wurin wanda aka ajiye can, ka sauko.

Aka busa usur. Samari suka zabura, kafin rabi yawancinsu sun zube suna haki. Ni na saba da yunwa da doguwar tafiya. Dutsen sulɓi gare shi, amma takalmina na taya yana kama shi. Na ratsa ta ƙarƙashin wasu duwatsu biyu, kowanne ya fi ɗaki girma, ɗaya a kan ɗaya, ba abin da ya riƙe su sai Allah. Birai na zaune suna kallonmu. Ni ne na biyu da ya isa sama.

Mai ba da ƙyallen surukina ne. Tsohon maharbi ne, ƙauyensu na gindin dutsen. Ban san shi aka zaɓa ba.

Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Ina gajiya? Ya mutanen gidan? Mai tarin nan ta samu sauƙi?"

Ina amsawa wani ya fizgi ƙyalle ya juya. Wani ma haka, sai wani.

Na ce, "Baba, tsere ake."

"Na sani, ai ni na riga ku hawa. Ya damina wajenku?"

Mutum ba ya miƙewa gaban surukinsa kafin a sallame shi. Ina durƙushe ya nuna gabas da sandarsa.

Ruwan sama na gani yana tafiya. Daga gajimare har ƙasa ya sauko, baƙi, tsaye kamar katanga, yana cinye gona bayan gona, gefe guda kuma rana na dukan rufin kwanon Ikara. Ta yamma rake ya shimfiɗu kore shar har wajen Maƙarfi. Shaho na shawagi ƙasa da ƙafafuna, bayansa nake gani. Sojojin da ke gindin dutsen ba su fi tururuwa ba, ko muryarsu ba ta isowa. Tun ina yaro daga ƙasa nake hangen hadari. Na manta da ƙafafuna.

Tsohon ya sa mini ƙyalle a hannu. "A gaida gida. Tashi, kada a ce surukina rago ne."

Na sauko da gudu, tsakuwa na bina. Na wuce mutum ɗaya. Na zo na huɗu.

A hanyar dawowa abokan tafiyata suka yi ta tsokanata, wai na sayar da buhu a kan "ina gajiya". Matata da ta ji labarin, sai ta ƙara mini tuwo.

Abin da na koyo kaɗan ne: masu tsorata mu ƙanana ne, duniya babba ce.

Yanzu ina gona da kwando, ina zuba wa masara kashin awaki gindi-gindi.